Kawu Ya Ce Kada Mu Je

Litinin, bayan la'asar

Sun tafi da Yaya. Mutum biyu ne suka zo cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, suka sauko da shi a kan kujera saboda matattakalar gidan nan ta yi wa gadon asibiti ƙunci. Yana ta ba su haƙuri wai ya yi musu nauyi. Numfashi na gagarar mutum, amma haƙuri yake bayarwa.

Ba a bari a bi motar. Na tsaya a bakin ƙofa har ta sha kwana.

Doguwa, wadda muke ɗaki ɗaya, ta ce tunda na ƙi magana in riƙa rubutawa kada abin ya kumbura ni. Ga shi ina rubutawa. Ban ga ya rage komai ba.

Talata, lokacin hutun rana

Aiki bai tsaya ba. Kawu ya danna hon kamar kullum, muka fito muka cika farar bas ɗinsa. Kujerar Yaya, ta bayan direba, babu wanda ya zauna.

Kawu ƙanin Umma ne, ciki ɗaya. Shi ya kawo mu ƙasar nan, ni da Yaya da sauran mutanen gidan, mun haura goma a ɗakuna uku. Shi ya kama hayar gidan, shi ya sama mana aiki a kamfanin wanki, shi ke ajiye fasfunanmu wai kada su ɓace. Zannuwan gadon asibitoci muke wankewa. Ni ina wajen injin guga, in tura zane ta nan ya fito ta can da zafinsa. Yaya yana ɓangaren datti. Shi ke buɗe jajayen ledojin da ake ƙunso kayan masu annobar nan a ciki.

Yau ma Kawu ya yi wa'azinsa yana tuƙi. "Duk wanda ya je wurin allurar rigakafin nan, da ƙafarsa ya kai kansa. Za su rubuta sunanka, su rubuta gidanku, kafin hannunka ya huce 'yan shige da fice sun ƙwanƙwasa ƙofa. Kuma wa ya san abin da suke zuba wa baƙi a ciki? Ni shekara nawa na yi a nan? Ku bar ni da su."

Kowa ya ce haka ne, Kawu. Har da ni.

Alhamis, bayan magariba

Nas ta riƙe wa Yaya waya muka ga juna. Rabin fuskarsa a cikin roba. Ya ɗaga min babban yatsa. Ya ce in ce wa Umma mura ce. Ya ce in kwashe masa wankinsa daga igiya kada ruwa ya daka.

Na kira Umma na ce mura ce.

Asabar, da hantsi

Sun ce sun sa masa na'ura, yana barci. Ba irin barcinmu ba.

Lahadi, da yamma

Shiru.

Talata, bayan azahar

Ina tsaye gaban injin guga Manaja ya zo da kansa ya tsaya kusa da ni, shi da ko sunana bai sani ba. Tun daga nan na gane. Zanen da ke hannuna ya shige a karkace, injin ya cukuikuye shi ya tsaya yana ƙara, babu wanda ya yi min faɗa.

Ba zan rubuta kalmar ba.

Laraba, da yamma

Maza kaɗan aka bari suka raka shi. Ɗaya daga cikinsu ya riƙe waya, mu muna ɗaki muna kallo, hoton yana ta yankewa. Kawu ne ya yi ta kai da kawo, kuma ya fi kowa kuka. Shi ya kira Umma ya faɗa mata, don ni na kasa. Ina jin muryarta tana ce masa, "Allah ya saka maka da alheri. Ka riƙe min Auta." Ni ce Autar.

Sai yau na tuna da wankin. Ruwa ya daka, sun bushe, ya sake dukansu.

Juma'a, bayan la'asar

Na je karɓo kayansa. Wata nas mai furfura ta miƙo min leda ta taga: waya, agogo, hular sanyi. Ta nuna damtsenta, ta tambaye ni a hankali ko an yi min allurar. Na girgiza kai. Ta tambayi aikina, na faɗa mata da ɗan yaren da na iya, na ce shi ma can yake. Sai ta rufe ido na ɗan lokaci. Ta ce masu irin aikinmu tun farko aka kira, tare da su nas-nas. Na ce takardunmu ba su cika ba. Ta ce ba a tambaya. Ta ga kamar ban gane ba, ta sake faɗa kalma-kalma: ba a tambaya.

Watan jiya Yaya ya ce a cikin bas, "Kawu, ni da nake buɗe ledojin nan, anya ba zan je ba?" Kawu ya dube shi ta madubi ya ce, "Ka fi ni sanin ƙasar nan ne?" Yaya ya yi dariya ya ce a'a.

Na ce wa kaina Kawu bai sani ba ne, tsoro ne irin na manya. Gobe zan je. In kamu ne a kama ni a mayar da ni wurin Umma, dama can zuciyata take.

Asabar, bayan la'asar

Na je.

Zauren wasanni ne suka mayar wurin allura. Layukan ƙwallo suna nan a ƙasa, an jera kujeru nesa da juna. Na hango wani ƙato a ƙofa cikin baƙaƙen kaya, saura kaɗan in juya. Ashe takunkumi yake rabawa. Wata mai riƙe da kwamfutar hannu ta tambayi sunana, na faɗa, ta kasa rubutawa, muka yi ta fama har ta miƙo min na rubuta da kaina. Ta tambayi lambar asibiti, na ce ba ni da ita. Ta ce ba komai, ta nuna min layi. Shi ke nan. Wannan "ba komai" ɗin ne Yaya bai samu ya ji ba.

Allurar kuwa cizon sauro ya fi ta zafi. Aka manna min filasta, aka ba ni ɗan kati, aka ce in dawo bayan wasu makonni a yi min ta biyu. Sannan aka ce in zauna can gefe na ɗan lokaci a ga yadda jikina zai karɓa.

Na zauna. Na ɗaga kai. A kujerar da ke fuskantar tawa, Kawu ne.

Ya naɗe hannun rigarsa na hagu har kafaɗa, da filasta irin tawa. Matarsa na gefe tana duba waya. Takunkumi ya rufe masa rabin fuska, amma wa zai ɓoye min goshin Kawu? Goshin Umma ne. Ya gan ni. Ya fara jan hannun rigar ƙasa, ta maƙale a gwiwar hannu.

Na ce, "Kawu, ina wuni."

Ya ce, "Lafiya. Ke, me ya kawo ki nan?"

"Abin da ya kawo ka."

Matarsa ta ɗago ta gan ni, ta rikice, bakinta ya riga hankalinta. "Ai ba wani abu ba ne, Auta, ta farkon ce ta ɗan kwantar da Kawunki, wannan ta biyun sun ce..." Ya juya ya yi mata wani kallo, ta haɗiye sauran.

Ta biyu.

Na zauna ina komawa baya a raina. Ranar da Yaya ya tambaye shi a cikin bas, ranar da ya dube shi ta madubi, da ta farkon a jikinsa yake tuƙi.

Ba a barin mutum ya tashi sai lokacinsa ya cika, don haka muka zauna muna fuskantar juna. Ban yi kuka ba, ban ɗaga murya ba. Na dai ƙi ɗauke ido. Ya kalli ƙasa, ya kalli agogo, ya kalli ragar ƙwallo. Gumi ya jiƙa masa takunkumi. Da aka sallame shi ya zo ya tsaya a kaina ya ce ƙasa-ƙasa, "Kin san ina da suga. Likita ne ya matsa min. Za mu yi magana a gida."

Na ce, "Allah ya ƙara lafiya, Kawu."

Lahadi, da hantsi

Zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, hannu kamar an ɗaura masa dutse. Doguwa ta tsorata, ta ce ko abin da Kawu ke faɗa ne. Na nuna mata katin na ce gobe zan tashi. Ban faɗa mata wanda na gani ba. Ba rufa masa asiri nake ba. So nake ya jira.

Ta biyu.

Litinin, lokacin hutun rana

Na tashi garau. Babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa.

A bas Kawu bai yi wa'azi ba, rediyo ya kunna. Jim kaɗan sai ya leƙo ni ta madubi. Ni kuwa na koma kujerar Yaya, daidai bayansa, inda zai riƙa jin numfashina a ƙeyarsa. Nan zan riƙa zama daga yau.

Talata, bayan magariba

Kawu ya hawo har ƙofar ɗakinmu, abin da bai taɓa yi ba, da ledar lemo da sabon bargo. Ya aiki Doguwa shago. Ya tsaya yana murza hularsa.

"'Yata, ki fahimce ni. In kuka je ku duka kuka ba da adireshi ɗaya, aka ga mutum sama da goma a gidan da aka rubuta na iyali ɗaya, wa za a kama? Ni. In aka kama ni wa zai riƙe ku? Don ku na yi."

Na ce, "Ba su tambaye ni adireshi ba."

"Ban san haka ba a lokacin."

"Sau biyu ka je, Kawu."

Can sai ya ce kwana ne ya ƙare, ko allura goma aka yi wa mutum in lokaci ya yi sai ya tafi. Na ce haka ne. Na ce to kai me ya hana ka zauna ka jira naka lokacin?

Ya ce in ji tsoron Allah. In tuna shi ya yi min hanya. Kada in tayar da hankalin mutanen gida, musamman kada Ummana ta ji, ga hawan jini. Ya ajiye ledar ya sauka.

Lemon na raba wa mutanen ɗakin ƙasa. Bargon na shimfiɗa a bakin ƙofa, da shi muke goge ƙafa.

Laraba, bayan sallar asuba

Na ɗaga hannu na roƙa. Abin da na roƙa ba zan rubuta ba, kuma ban ji kunyar roƙonsa ba. Allah ya isa tsakanina da shi.

Alhamis, bayan tashi daga aiki

Yau na shiga ɓangaren datti da sunan neman keken zannuwa. Wanda aka sa a madadin Yaya ya fita shan iska. Jajayen ledoji sun yi tsibi, ga warin magani ga warin mutum. Na sa safar hannu na zaro rigar filo ɗaya mai danshi, na cusa a wata leda na ɗaure, na tura ƙasan jakata. Kawu yana da ɗan tawul da yake ajiyewa kusa da giyar bas yana goge fuska. In ya sauka shan mai zan goga rigar filon a jikin tawul ɗin. Na gama tsara komai tun jiya.

Muka shiga bas, jakar na kan cinyata. Doguwa ta jingina kanta a kafaɗata don gajiya. Baba mai ninki, tsohon da ke ninke zannuwa, ya yi tari a baya. Na juya na dubi motar fuska bayan fuska. Duk cikinmu mutum ɗaya ne ya gama tsare kansa daga cutar nan, shi ne mai tuƙi. Da na kwance ledar, su zan kashe, shi ya yi atishawa ya wuce.

Ko ta nan ma ya riga ni.

Ledar na nan a ɗaure a kan rufin banɗaki, gobe zan mayar da ita inda na ɗauko. Na wanke hannuna har fatar ta yi ja. In rubuta wannan da kyau don kada in manta: ba tausayinsa na ji ba.

Juma'a, da yamma

Na faɗa wa Doguwa komai, ban da ledar. Ta zauna daɓas a bakin katifa ta riƙe baki. Da ta dawo hayyacinta ta zagi Kawu tas, zagin da ban san ta iya ba, har na ji wani abu ya ɗan sauka a ƙirjina.

Na ce gobe zan kai shi wurin 'yan sanda in faɗa musu gidan, in faɗa musu fasfunan.

Ta ce, "Ke, zauna. In kin kai shi mu za a fara kwashewa. Shi yana da takardu, yana da lauya, kafin azahar ya koma gidansa ya ci abinci. Mu muna da me? Baba mai ninki kike so a jefa a jirgi?"

Gaskiyarta. Duk inda na miƙa hannu in shaƙe shi, wuyan wani nake tararwa a gabansa. Haka ya jera mu.

Asabar, bayan azahar

Na kai Doguwa da mata biyu na ɗakin kusa. Doguwa mai ɗaukar keken zannuwa da hannu ɗaya, da ta ga allura sai ta rintse ido ta kama addu'a, tana matse min yatsu. Nas ta gama, ta manna filasta, ta kira na gaba, ita tana nan tana cewa, "Ki ce mata ta yi a hankali." Muka yi dariya har aka waiwayo mu. Rabona da dariya tun kafin a sauko da Yaya.

Da muka fito rana ta haska, dariyar ta yanke min. Tafiyar da ba ta kai zuwa aiki nisa ba. Da Yaya ya zo nan da shi ma ya yi wa nas ɗin barkwanci.

Litinin, lokacin hutun rana

An yi ta yau.

Baba mai ninki ne ya ɗauko zancen, don ya ji ƙishin-ƙishin wasu sun je. Ya ce, "Maigida, allurar nan fa, har yanzu maganarka na nan?" Kawu ya leƙo ni ta madubi. Na sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi, na ba shi fili. Ya ɗauka lemo da bargo sun yi aiki. Ya gyara murya ya ce, "Ni dai na faɗa muku. Wanda ya je, abin da ya same shi kada ya kuka da kowa."

Sai na ɗago na ce, "Kawu, ta biyun na ga a hagu aka yi maka. Ta farkon ma a nan ne?"

Rediyo kaɗai ke magana.

Baba ya ce, "Maigida, me take cewa?"

"Yarinyar nan baƙin ciki ya taɓa ta. Ku yi mata addu'a."

Na faɗa musu ranar, na faɗa musu kujerar, na faɗa musu abin da matarsa ta ce. Ban ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya faru ba, babu bukata.

Baba ya ce, "To abu mai sauƙi ne. Ka rantse ba a yi maka ba, mu ba ta haƙuri ta ba ka haƙuri."

Muna tsaye a danja. Wuta ta koma kore, bai motsa ba. Motocin baya suka yi ta hon. Bai rantse ba.

A ƙofar kamfani kowa ya sauka ba wanda ya ce masa mun gode, abin da ba mu taɓa fashi ba. Ina kallon ƙeyarsa har na sauka. Ina so in riƙe yadda ta yi.

Laraba, da yamma

Mutanen gida sun fara zuwa rukuni-rukuni. Manaja ma da ya ji ya ba da hutun rabin yini, yana mamakin wai ashe ba a yi mana ba. Mun daina hawa bas ɗin, jirgin ƙasa muke bi ko da ya fi nisa.

Jiya maza suka je gidan Kawu suka tsaya a falonsa da takalmansu, suka ce ba za su fita ba sai da fasfuna. Ya kawo. Baba ya miƙo min guda biyu, nawa da na Yaya. A hoton ya tsuke fuska don an ce kada ya yi murmushi, amma ana gani yana dannewa ne.

Na ɗauka zan ji sanyi. Ban ji ba. Kawu yana nan yana kwana a kan gadonsa, yana numfashi da huhunsa biyu. Ya rasa 'yan bas ne kawai, gobe ya samo wasu.

Juma'a, bayan la'asar

Umma ta kira. Ashe Kawu ya riga ni.

"Auta, Kawunki ya ce ba kya barci, kina faɗin maganganu a cikin mutane. Ki yi haƙuri da hukuncin Allah. Ki bi shi sau da ƙafa, shi ne uwa shi ne uba a gare ki a can. Kullum sai na sa masa albarka, ko binne ɗan'uwanki da ya tsaya ya yi ya ishe ni."

Na ciji leɓe har na ji gishirin jini. Na ce to, Umma.

Kullum sai ta sa masa albarka. Ga inda yake ajiye ransa. A can gida shi ne mutumin kirki, wanda ake tashi tsaye in ya kira waya, wanda ake ce wa yara su yi koyi da shi. A nan kowa ya tofa masa yawu bai dame shi ba, muddin can ba su ji ba.

Ita kuma tana da hawan jini. Na sani. Ya san na sani.

Asabar, da hantsi

Matar Kawu ta zo ita kaɗai, ba tare da saninsa ba. Ta tsallake bargon bakin ƙofa, ta gane shi. Idanunta sun faɗa. Ta ce tun ranar zauren wasanni ba ta da sukuni, ta zo in yafe mata.

Ta ce, "Wallahi na ce masa ya tafi da Yayanki. Ranar ta farkon na ce masa yaron nan shi ne a bakin wuta. Ya ce in ya kai ɗaya sai ya kai duka."

Ta share ido da mayafi ta ci gaba.

"Kin tuna kwana biyun da Kawunki ya kwanta, Yayanki ya riƙe masa tuƙin bas? Zazzaɓin allurar ne. Shi kuma ya ce masa suga ce ta tashi. Yaron nan in ya sauke ku sai ya biyo ya duba shi, har magani ya sayo masa, ya zauna yana danna masa ƙafa."

Na tuna. Na tuna Yaya yana ce mana mu yi wa Kawu addu'a.

Na ɗauko waya. Na ce, "Anti, in yafiya kika zo nema, ga hanyarta. Ki faɗa wa Umma da bakinki. Ni an riga an ce na taɓu."

"Auta, ki rufa min asiri. Aurena fa."

"To ki tashi ki tafi, ban riƙe ki ba."

Ba ta tashi ba. Na danna lambar na buɗe murya na ajiye tsakaninmu. Ta faɗa. Tana kuka tana faɗa, daga ta farko har danna ƙafa.

Sai Umma ta ce, "Ba ni Auta."

"Ga ni, Umma."

"Kin gan shi da idonki?"

"Da idona."

Ta ja numfashi. "Ni na goye shi. Da uwarmu ta rasu bai iya tauna ba, ni nake tauna masa in sa masa a baki." Sai muryarta ta bushe ƙayau. "Ki faɗa masa ba ni da ƙani. In na mutu kada ya aiko da ko gaisuwa."

Ta kashe.

Litinin, bayan tashi daga aiki

Ya tare ni a ƙofar kamfani. Bai aske gemu ba, rigarsa a yamutse. Ya ce ya kira ta ba adadi, ta sa an toshe lambarsa. 'Yan'uwa duk sun ji, har waɗanda ya kai makaranta sun daina ɗaga wayarsa. Ya ce, "Kin kashe ni, 'yata."

Na isar masa da saƙon kamar yadda aka ba ni, kalma bayan kalma, ban rage ba. Na tsaya na kalli yadda kowace ta shige shi. Ya dafa bas ɗinsa. Leɓensa na rawa irin yadda na Umma ke yi.

Na ji daɗi. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi tun daga nan har tashar jirgi.

Laraba, da yamma

Matar Yaya ta kira daga gida. Umma ba ta fita daga ɗaki tun Asabar. Abinci sai an yi da gaske. Jiya jininta ya hau an kai ta asibiti, an sallamo ta da magani.

Ta ce, "Wa ya faɗa mata?"

Na ce ni.

Sannan ta ce, "Mijina ne, Auta, kin san abin da ke raina game da mutumin nan ya fi naki. Amma da tana makokin mutum ɗaya ne. Yanzu biyu take yi."



Alhamis, da hantsi

Na kira Umma, ba ta ɗauka ba.

Juma'a, da hantsi

Ba ta ɗauka ba.

Lahadi, bayan la'asar

Ta ɗauka. Muryarta ta yi ƙasa sosai, sai da na toshe ɗaya kunnen.

"Kin ci abinci?"

"Na ci, Umma. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Kin faɗa masa?"

"Na faɗa masa."

"Yaya kika gan shi?"

Na yi niyyar in ce lafiya lau yake, ƙato da shi. Bakina ya ce, "Ya rame."

"Ya rame," ta maimaita. Sai na ji tana kuka a hankali, irin wanda ake yi da mayafi a baki. Na riƙe wayar ina sauraro. Ban san wanne daga cikin su biyun take yi wa ba, kuma ban iya tambaya ba.

Da muka gama na zauna a bakin katifa na tambayi kaina: in aka mayar da ni ranar Asabar ɗin can, wayar na hannuna, matar Kawu na gabana, zan danna lambar?

Zan danna.

Doguwa ta ajiye min abinci, ya huce a inda ta ajiye shi.